Ajin koyon Indiyanci na Tudun Wada: darasin Chaudhary kaɗai ya biya min kuɗina

Tunda jama'a sun yi ta kira na a waya ana tambaya wai ajin nan na koyon Indiyanci da ake yi da yamma a Tudun Wada nan Gombe yana da amfani ko zubar da kuɗi ne, bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. A taƙaice eh yana da amfani, amma ba ga kowa ba, kuma akwai gyare-gyare da zan faɗa ba ɓoye-ɓoye don malamin ma na faɗa masa ido da ido. Ni abin da ya kai ni, Dada ce za mu kai Delhi aikin gwiwa kuma ni ne zan yi jinyar ta, toh ban so in je ƙasar mutane ko ruwan zafi in kasa roƙa mata.

Wajen dai aji ne na wata firamare mai zaman kanta suke ara in yara sun tashi, ana farawa bayan la'asar a tashi dab da magariba. Malamin matashi ne ɗan garin nan, ya yi karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a a Lucknow, kuma abin da ya bambanta shi da masu Indiyancin fim shi ne bai tsaya a ɗakin kwanan ɗalibai ba, haya ya kama a cikin unguwa, ya yi cefane a kasuwar su, ya yi rigimar kuɗin wuta da mai gidan haya, ya je ƙauyukan abokan karatun sa lokacin hutu. Ana jin wannan a bakin sa. Ɗaliban kuwa kala-kala ne, akwai samari da 'yan mata masu shirin tafiya karatu, akwai irin mu masu kai marasa lafiya, akwai 'yan kasuwa masu sayo kayan gyaran keke napep da injin ban ruwa, sannan akwai waɗanda son fim ne kawai ya kawo su, zan dawo kan su.

Bai fara mana da rubutun su ba, da baƙaƙen boko yake rubuta komai, ya ce wanda zai yi wata biyu a asibiti kunne da baki yake buƙata, kuma na yarda da shi. Gaisuwa, ciniki da mai keke, tambayar hanya, yadda za ka ce a rage yaji, yadda za ka tambaya ko naman halal ne, sassan jiki da inda ke ciwo. Inda ya fi taimaka min a wannan ɓangaren shi ne lissafin kuɗi, don su ba da miliyan suke ƙirga ba, lakh suke cewa wato 100,000, sai crore wato miliyan 10, kuma ko waƙafin da suke sawa a lamba daban ne, lakh ɗaya haka suke rubuta shi 1,00,000. Wanda bai san wannan ba aka miƙo masa takardar kuɗin asibiti wallahi sai kan sa ya juya. Lambobin su daga 1 zuwa 100 kuma kusan kowacce da sunan ta, ba kamar namu da za ka ce ashirin da ɗaya ashirin da biyu ka wuce ba, sai hadda, ya ce mu riƙe na goma-goma sauran mu sa a rubuta mana a waya.

Amma abin da ya sa nake wannan dogon rubutun darasin sunaye ne. Wata yarinya ce da ta samu gurbin karatu ta nuna masa tikitin ta, an rubuta filin jirgin da za ta sauka a Lucknow sunan sa Chaudhary Charan Singh, ta ce Malam ya za a sa wa filin jirgi sunan Chaudhary alhali a fim kullum Chaudhary shi ne azzalumin mai gari mai ƙwace gonar talakawa. Aji ya ɗauki dariya, shi bai yi dariya ba, ya goge allo ya ce yau ba za a yi ciniki a kasuwa ba wannan za a yi, saboda a cewar sa rashin sanin wannan ya fi rashin sanin gaisuwa jawo wa mutum matsala a can.

Abin da ya bayyana mana, wanda daga baya na bi na ƙara karantawa na ga haka yake, Chaudhary asalin sa ba sunan yanka ba ne kuma ba sunan ƙabila ba ne, sarauta ce ta ƙasa da haraji. Tun zamanin sarakunan Musulmi na Delhi akwai ta, har Alauddin Khalji da ya yi mulki daga 1296 zuwa 1316 an san shi da matse irin waɗannan shugabannin karkara, ya kai harajin gona rabin abin da aka noma ya kuma rage musu gatan da suke ci. Zamanin daular Mughal abin ya ƙara tsaruwa, musamman lokacin Akbar wanda ya hau a 1556 ya rasu a 1605, da ma'ajin sa Todar Mal da ya sa aka auna gonaki, a 1580 aka kawo tsarin da ake duba amfanin gona da farashi na shekara 10 a fitar da matsakaici a yanka haraji a kai. Ƙauyuka da yawa ake haɗawa a kira su pargana, toh a cikin parganar nan babban mai ƙasa da ake ɗora wa nauyin tara harajin shi ne Chaudhary, yana da kason sa a ciki, kuma yawanci gado ne daga uba zuwa ɗa. A gefen sa akwai mai riƙe da littafin gonaki da ake ce wa qanungo, a matakin ƙauye akwai mai gari da magatakardan sa patwari. Duk waɗannan yau sun koma sunan iyali, za ka ga likita sunan sa Patwari ko Kanungo bai taɓa riƙe littafin haraji ba.

Kuma ba Chaudhary kaɗai ba ne, kowane yanki da nasa. A Gujarat mai gari Patel ne, a Maharashtra Patil, manyan su Deshmukh da Desai, a Bengal akwai Talukdar da Majumdar da Sarkar, a wajen mutanen da ake kira Rajput akwai Thakur. Ya ce mu lura duk waɗannan yaruka, Hindi da Urdu da Punjabi da Bengali da Gujarati da Marathi da Nepali, 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa suna ɗaya yake yawo a tsakanin su sai dai rubutun ya canja, ɗan Pakistan ya rubuta Chaudhry, ɗan Bangladesh ya rubuta Chowdhury, ɗan Kolkata Chaudhuri ko Choudhury. Ya ba da misalin da ya tsaya min a rai, wai Firaministan Indiya na 1977 Morarji Desai ne, wanda ya gaje shi a 1979 Chaudhary Charan Singh, wato mutum biyu a jere kowanne da sunan sarautar haraji a jikin sunan sa, a ƙasar da tsarin mulkin ta na 1950 ya hana gwamnati ba da sarauta in ba lambar soja ko ta ilimi ba.

Inda labarin ya yi ɗaci shi ne zuwan Turawa. Ko garin Kolkata kan sa, ƙauyuka uku ne kamfanin Ingila na East India ya karɓi haƙƙin su a 1698 daga hannun iyalin Sabarna Roy Choudhury. A 1793 gwamnan su Cornwallis ya kawo wata doka a Bengal da Bihar da Orissa, aka mai da masu tara haraji suka zama masu mallakar ƙasar ɗungurungum, aka yanka musu abin da za su biya na dindindin, kashi 10 cikin 11 na gwamnati ɗaya nasu, kuma in ranar biya ta zo rana ta faɗi ba ka kai ba a yi gwanjon ƙasar ka. Toh me kake tsammani, wanda aka ɗora wa wannan wuƙar a wuya ai kan manomi zai huce, kuma duk abin da ya tatsa sama da abin da aka yanka masa nasa ne. Manomin da kakannin sa suka sare dajin ya wayi gari ɗan haya a gonar sa. Tsofaffin gidaje da yawa ma sun rasa ƙasar su a gwanjon, masu kuɗin birni suka saye, mutanen da ba su san ƙauyen ba balle su ji tausayin mutanen sa. Wannan shi ne zamindari, kuma daga nan ne hoton azzalumin mai ƙasa na fim ya samo tushe, ba ƙarya aka ƙirƙira ba, amma rabin labari ne.

Sauran rabin shi ne amsar tambayar yarinyar nan. Charan Singh ɗan ƙaramin manomi ne daga yankin Meerut, an haife shi 23 ga Disamba 1902, kuma yana cikin manyan waɗanda suka tsara dokar rushe zamindari ta jihar Uttar Pradesh ta 1950, wato mai sunan masu ƙasa shi ya yi aikin karɓe ƙasa daga hannun manyan masu ƙasa a bar wa mai noman ta. Watanni kaɗan ya yi a kujerar Firaminista amma har yau ranar haihuwar sa ce ranar manoma a Indiya, akwai jami'ar aikin gona a Hisar ta jihar Haryana mai sunan sa, kuma a 2024 aka ba shi lambar girmamawa mafi girma ta ƙasar bayan rasuwar sa. A wajen mutanen sa Jat, Chaudhary ya zama kamar girmamawa ce da ake sa wa dattijo mai gona a gaban suna, ko gonar ba ta da wani girma. A gabashin Bengal ma, inda ya zama Bangladesh, a 1950 aka yi dokar rushe tsarin. Ɓangaren da yake Pakistan a yau shi ne ya yi jinkiri, sai 1959 shugaban ƙasar Ayub Khan ya sa iyakar abin da mutum ɗaya zai mallaka eka 500 ta noman rani, shugaba Bhutto ya rage zuwa 150 a 1972, kuma manyan gidaje sun san yadda suka rarraba gonakin da sunan 'yan uwa, shi ya sa har gobe Chaudhry a Punjab ta Pakistan yana da nauyi a siyasa, dubi gidan Chaudhry na garin Gujrat da suka fitar da Firaminista Shujaat Hussain a 2004 da kuma Pervaiz Elahi da ya riƙe lardin Punjab. Ko sunan Pakistan ɗin ma wani Choudhry Rahmat Ali ne ya fito da shi a 1933 yana Ingila.

Daga nan sai ya ja mana kunne kan abu biyu, kuma nan ne na ce kuɗina ya fita. Na farko sunan ba ya nuna addini. Akwai Chaudhary Musulmi, akwai Hindu, akwai Sikh, Patel ma akwai Musulmi a cikin su a Gujarat. Ya ce ya ga 'yan uwan mu sun ƙi cin abincin mutum don sunan sa, ashe mai sallah ne, ya kuma ga wanda ya saki baki yana maganar naman saniya gaban wani don ya ɗauka Musulmi ne. Na biyu sunan ba ya nuna arziki. A Nepal attajirin da ya fi kowa kuɗi Binod Chaudhary ne mai kamfanin taliyar Wai Wai, amma a ƙasar dai mutanen Tharu na yankin Terai da yawan su Chaudhary suke amsawa, kuma a cikin su ne aka samu dubban iyalai da suke bautar bashi a gonakin wasu, uba ya mutu ɗa ya gaji bashin, sai a shekarar 2000 gwamnati ta haramta abin. Suna ɗaya, wani na da jirgi wani ko fegin da zai kafa bukka ba shi da shi. Thakur ɗin da muka sani da gashin baki da bindiga, a Bihar wanzamai ma Thakur suke amsawa, Karpoori Thakur da ya yi babban ministan jihar har sau biyu ɗan gidan wanzamai ne. Har Fiji can tsakiyar teku inda Turawa suka kwashi Indiyawa noman rake, jikan su Mahendra Chaudhry ya zama Firaminista a 1999.

Ni wannan ya taɓa ni sosai saboda harkar hatsi nake a Tudun Hatsi kuma gidan mu manoma ne ta wajen Kwami, maganar wa ke da gona wa ke noma ta wa ke cin amfanin ba labari ba ne a waje na. Akwai wani dattijo a ajin, Baba Alhaji muke ce masa, ɗan sa zai kai aikin ƙoda, ya ɗaga hannu ya ce Malam ai wannan hakimi da dagaci kake faɗa mana, mu ma mun ga zamanin haraji da jangali, mun ga yadda ake bin mutum har ya gudu ya bar gari. Malam ya ce haka ne Baba, ya ƙara da cewa mu ma ai sarauta ta koma sunan iyali, ga Ciroma ga Galadima ga Waziri ga Yerima ga Madaki, za ka ga yaro a makaranta ana kiran sa Galadima kakan kakan sa ne ya yi sarautar. Aji ya yi ta gyaɗa kai kuma gaskiya misalin ya zauna.

Sai dai a nan ne nake da ja da shi, kuma shi ne babban abin da na ga ya gaza a darasin. Ya bar mutane sun tashi da cewa Chaudhary hakimi ne kawai na Indiya, alhali akwai bambanci mai girma. Mu a Arewa Turawa ba su mai da hakimi mai mallakar ƙasa ba, dokar 1910 cewa ta yi ƙasa tana hannun gwamna a madadin jama'a, dokar 1978 ta zamanin Obasanjo ita ma ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Hakimi da dagaci suna tara haraji suna raba daji suna shaida cinikin gona, an yi zalunci ba a musu, har sai da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, amma talaka a Akko ko Dukku gonar gadon sa tasa ce, ba haya yake biyan hakimi duk shekara ba. Can kuwa doka ce ta ce ƙauye sukutum mallakin mutum ɗaya ne. Sannan abu na biyu wanda ya fi wannan, maganar jinsin haihuwa da suke da shi, wato raba mutane hawa-hawa bisa gidan da aka haife su, wanda ke yanke wa zai auri wa, wa zai ci abinci da wa, wa zai ɗebi ruwa a wace rijiya. Malam ya taɓo ta sama-sama ya wuce, da na matsa masa bayan an tashi ya ce min Yaya abin ne da nauyi kuma ba ya so yara su je can su riƙa tambayar mutane asalin su. Na fahimci tsoron sa amma ban yarda ba. Wanda zai zauna shekara huɗu a ƙasar gara ya ji daga bakin ɗan uwan sa a nan, a kuma gaya masa ƙarara cewa ba a tambaya, da ya je ya yi katoɓara. Ba za ka gane dalilin da ya sa mallakar ƙasa ta taru a hannun wasu gidaje wasu kuma suka zama 'yan ƙwadago tun kaka da kakanni ba in ka tsallake wannan, an ba mu tuwo ne aka riƙe miyar.

Duk da haka ta fuskar amfani na yau da kullum ya yi ƙoƙari. Ya koya mana in ka ga dattijo mai irin wannan suna ka ce Chaudhary sahab ko ka ƙara ji a bayan sunan, kar ka kira shi gatsal, kuma kar ka ɗauki sunan ka maƙala wa wanda ba nasa ba don wasa irin yadda samarin mu ke kiran juna Thakur a majalisa. Likita kuwa dakta sahab ya wadatar ko mace ce ko namiji, nas ka ce mata sista, mai keke ka ce masa bhai. Ya kuma ce yawancin takardun su sunan iyali suke nema dabam da sunan yanka, toh ka tabbata yadda aka jera sunan ka a fasfo haka aka jera a biza da takardar asibiti, don sunan da mu muke ɗauka sunan uba ne kawai su sunan gida suke ɗaukar sa.

Sunan Patel bai samu lokaci sosai ba, a gurguje Malam ya ambaci Sardar Vallabhbhai Patel, mataimakin Firaministan Indiya na farko, da mutum-mutumin sa mai tsawon mita 182 da aka buɗe a Gujarat a 2018, da yadda Idi Amin ya kori Indiyawa daga Uganda a 1972 da yawan su suka koma Ingila, har Priti Patel, wadda iyayen ta Indiyawan Uganda ne da suka koma Ingila tun kafin korar, ta riƙe ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya. Na so a ce ya ware masa rana guda don 'yan kasuwar cikin mu da Gujaratawa za su fi yin hulɗa.

Yanzu matsalolin wajen. Zafi. Ajin rufin kwano ne ba silin, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya kuma ba janareta, ga Gombe a watan bazara kowa ya sani. Bencin na yara ne, Baba Alhaji sai da aka riƙa aro masa kujerar roba a maƙwabta. Takardun da ake rabawa hoton kwafi ne da ya dushe, wasu layukan sai ka yi ta kintace, kuma babu sauti ko ɗaya da za ka tafi da shi gida, alhali yaren nan akwai haruffan da in ba ka ji an furta ba ba za ka taɓa kamawa daga takarda ba. Na ba shi shawara ya riƙa naɗar muryar sa yana turawa a WhatsApp, ya fara sannan ya yi sanyi, ina fata ya dawo da shi don ba ya cin komai sai data.

Sai masu son fim. Ban da matsala da kowa, kuɗin su suka biya, amma haɗa wanda zai kai mahaifiyar sa tiyata da wanda ya zo a fassara masa baitin waƙa a aji ɗaya ba adalci ba ne ga kowanne, sau da yawa ana tsakiyar yadda za ka gaya wa nas cewa mara lafiya bai yi fitsari ba sai wani ya jefo tambayar jarumi, shi kuma Malam yana da kunya ba ya iya katse mutum. A raba ajin gida biyu kawai. Haka kuma magana ta yi kaɗan, shi yake yawan yi mu muna rubutu, ranakun da ya haɗa mu biyu-biyu wani ya zama mai kanti wani mai saye su ne ranakun da abin ya fi zama a kai na amma ba su da yawa. Lokacin tashi ma yana takura mata, masu zuwa daga Pantami da Tumfure sai sun fita kafin a gama don kar magariba ta same su a hanya, kuma ƙarshen darasi nan ne yake maimaita abin da aka yi.

Wani abu da ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin ya biya kuɗin rajista, ba bayan ya biya ba: in Chennai za ka ko Bangalore ko Kerala, wannan yaren ba shi ne na titi a can ba. Kudancin Indiya Tamil da Kannada da Malayalam da Telugu suke yi, gidan yare ne dabam gaba ɗaya, a Chennai ma Turancin ka sai ya fi yi maka aiki. Hyderabad da sauƙi don akwai masu Urdu da yawa. Akwai wata baiwar Allah da ta yi nisa a ajin kafin ta gane asibitin da aka tura mijin ta a Chennai yake. Malam bai ɓoye ba da aka tambaye shi, amma kamata ya yi shi ya fara tambayar kowa ina za ka tun ranar farko. Wanda za shi Delhi, Noida, Lucknow, Jaipur, Punjab ko Mumbai, ko ma Pakistan tunda Urdu ta baki kusan ɗaya ce da Hindi, shi kam ya shiga ba zai yi da-na-sani ba.

Kuɗin wata-wata ake biya kuma a gani na bai yi tsada ba in ka duba abin da tafinta zai caje ka a can, yana kuma ɗaga wa ɗalibai ƙafa in wata ya yi nisa, ban taɓa jin ya kori wani ko ya ci masa fuska kan kuɗi ba. Yana zuwa a kan lokaci, wannan kam na shaide shi, mu ne ma muke makara. In da maki ake bayarwa zan ba koyarwar sa huɗu cikin biyar, wajen zaman kuma biyu.

Na roƙe shi abu uku kafin sabon rukuni su fara, ya raba masu asibiti da masu karatu da masu nishaɗi, ya dawo da sautin WhatsApp, sannan darasin sunaye da ƙasa kar ya jira sai wani ya yi tambaya, ya sa shi cikin manhaja tun makon farko ya kuma ƙara maganar jinsin nan a ciki ba tsoro. Na farko da na biyu ya amsa, na ukun ya ce zai yi shawara da abokan sa da suka yi karatu a can tukuna. Masu niyyar shiga ku je da littafin rubutu mai kauri da ruwan sha, in da hali da 'yar fankar caji, kuma ku zo da takardar asibitin ku ko ta makaranta ranar farko ku nuna masa garin da za ku.